Ragowar Ruwan Inabi

An gama Jibin Ubangiji, majami'a ta watse, aka bar shi da ƙoƙo a hannu. Aikinsa ne, shi mai kula da majami'a, ya zubar da ragowar ruwan inabi a maƙabartar da ke bayan ginin.

Shekara goma sha ɗaya rabonsa da giya. Kowace Lahadi matarsa kan tare shi a ƙofar gida, ta shinshina bakinsa, ta yi dariya. Yau sati uku da binne ta.

Fasto ta leƙo. "Baba, kawo in zubar maka. Ka gaji."

"Bari, 'yata. In na gudu yau, sati mai zuwa fa?"

Ya ratsa dusar ƙanƙara zuwa kabarin matarsa. Ƙamshin ya taso masa, ƙoƙon ya kusa taɓa leɓensa.

"Yesu, ƙarfina ya ƙare. Riƙe min hannun nan."

Ya karkata ƙoƙon, farar ƙanƙara ta yi ja. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya hura numfashi kan kabarin.

"Shinshina, tsohuwa. Ko ɗigo ban sha ba."