Tuwon Umma da Man Shanu

"An ɗage dashen ƙodar, Umma," ɗanta ya fassara mata maganar likita. "Wai mai bayarwar bai rage kitse ba."

"Wane marar tausayi ne? Ya kasa kame bakinsa?"

Tun zuwanta Dubai jinya take ganin ɗan nan nata yana ɗaga ƙarfe, ga dafaffiyar kaza ba mai, kumatu duk sun zube. Ta ce ba a gabanta ba. Kullum ta dire masa tuwo, man shanu na yawo a miya: "In ka rage, ban yafe ba." Bai taɓa ragewa ba.

Nas ta leƙo, ta kira mai bayarwa ya sake hawa sikeli.

Ɗanta ya miƙe yana cire takalmi.

"Yi haƙuri, Umma. Zan ƙara ƙoƙari."