Zukata Bakwai a Hannun Morenike

"Uku a zuciya."

Morenike ce ta buɗe kira, abokin wasanta Baba Fagbemi yana zaune yana fuskantarta. Hannu na ƙarshe ne a gasar kartar birij ta kulob ɗinsu da ke Ibadan, kuma wanda ya ci shi zai ɗau kofi ya wakilci kulob a Legas. Shekara goma sha ɗaya a jere kofin nan bai kwana gidan kowa ba sai nasa.

Tsohon alƙali ne, mutum mai ƙyamar sakarci. Duk Asabar shi ke karantar da sababbin shiga, ga sandarsa a jingine. Yakan ce idan ka buɗe da tsalle zuwa uku, kana gaya wa abokin wasanka cewa kana da karta bakwai a gida ɗaya, kamar gidan zuciya, sauran hannun kuwa ba komai, kana dai toshe wa abokan hamayya baki ne. Amma gidan ya zama mai ƙwari. Cikin manya uku, as da sarki da sarauniya, lalle biyu su kasance naka, don abokinka ba ya ganin kartarka, da maganarka kawai zai yi aiki, ishara kuwa haramun ce.

Yanzu ga sarkin zuciya a hannunsa. In as da sarauniya suna wajenta, ci tara cikin zagaye goma sha uku na tafin hannu, kofi ya koma gida. In kuwa tarkace ta riƙe, gara ya yi gum ya bar ta a ukunta.

A irin wannan gaɓa ya yi suna. Duk tsawon wasansa da Madam Adunni, kafin ciwon gwiwa ya mayar da ita wajen 'yarta a Akure, bai taɓa kuskuren amsa ba. Mutane na cewa hancin alƙali ne. Da ta tafi sai ya ɗauko Morenike, 'yar ƙaninsa mai koyar da lissafi, ya yi wata shida yana horar da ita a falonsa, ƙofa a rufe.

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ta sauke kartarta kan cinya, idonta a ƙasa. Ya yi gyaran murya. Ko gezau.

"Mai shari'a, an ɗage zaman ne?" in ji Dokta Ilesanmi, abokin hamayyar da ke damarsa. "Ƙosanmu na hucewa fa."

Takaici ya cika Baba. Shi da ya yanke wa ƙatti hukunci ba tare da ya ƙifta ido ba, yau ga shi yana gumi a gaban likitan haƙori. Ya sake kallonta. Sannan ya yi shahada ya ɗaga kiran, ya karɓi wasan a hannunsa da alkawarin ci tara.

Morenike ta baje kartarta a tebur kamar yadda doka ta ce. Zukata bakwai ne cif, amma babu as, babu sarauniya, ƙanana ne reras kamar ragowar tumatir a kasuwar yamma. Matar Dokta, abokiyar wasansa, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ci biyar ya samu da ƙyar. Aka miƙa wa Dokta kofi, aka yi tafi.

"Abin kunya!" in ji Baba, yadda duk zauren zai ji. "A yi tsalle da wannan shara? Wasan nan amana ne. Wanda ba shi da amana ya je ya yi ludo da jikokinsa."

Tsofaffi suka gyaɗa kai, wasu har da tsaki.  Morenike ta ɗau jakarta ta bi shi zuwa mota, ita ce mai tuƙi.

Har suka wuce kasuwar Bodija yana kau da fuska kamar an ajiye masa mushe a gefe. Ita ma ko sau ɗaya ba ta kalle shi ba.

"Baba," ta ce daga baya, "kai fa ka ce in dinga tsalle ko me nake riƙe da shi."

"Ke, rufe mini baki! Wa ke maganar tsalle?" Ya buga sandarsa a ƙasan motar. "Abu ɗaya na roƙe ki. In gidan mai ƙwari ne ki ɗora yatsu uku a bayan karta in gani, in ruɓaɓɓe ne yatsa ɗaya. Shekara goma sha ɗaya Adunni tana yi mini haka, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓoye hannunta a ƙarƙashin tebur ba."