Ma'aikatar da Aka Toshe wa Ƙofar Gaba

Iska ta kusa yin gaba da rufin ma'aikatar, sai da Mai Zane ta danne shi da haɓa. Ginin kwali ne, faɗinsa ya kai tebur. Shekara guda ta yi tana yankawa tana mannawa, har mahaifiyarta ta daina ce wa baƙi 'yarta na zanen gine-gine, sai dai ta ce, "Tana ɗaki tana wasan kwalinta."

Yau ake rufe gasar. Gwamnati na neman zanen sabuwar ma'aikata da za ta kusantar da ita ga talakawa, kuma duk samfurin da bai isa hawa na ƙarshe na tsohuwar ma'aikatar kafin sha biyu ba, to wasan kwalin ya tabbata.

Matsalar ɗaya ce tak: ta kasa shiga tsohuwar ma'aikatar.

Ƙofar gaba, mai faffaɗar matakala, an toshe ta da bulo, an jera tukwanen fulawa don kada abin ya yi muni. Ƙofar gefe ta manya ce. Ta baya kuwa layi ne har bakin titi, rana na gasa mutane, ko benci babu. Ƙaninta da ya yi rantsuwar zai kama mata ya tafi neman wurin ajiye mota, har yanzu ko ƙeyarsa ba ta gani ba.

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya zana ginin nan!" in ji ta, da ƙarfi kuwa.

Wani tsoho a layin ya ƙware da tari. Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ga guntun fensir maƙale a kunne. Ya matso ya ƙura wa samfurin ido: matakala mai faɗi, fili mai inuwar bishiyoyi, ofishin minista a ƙasa yana kallon titi, babu katanga, babu shinge. Ya daɗe yana kallo kamar wanda ya ga ɗan uwa a baƙon gari.

"Kawo in kama miki, 'yata. A nan mai ɗauke da kaya ba a tambayarsa takarda, ƙofar 'yan kwangila ake buɗe masa."

Haka kuwa aka yi. Maigadin da ya kore ta ɗazu shi ne ya buɗe ƙofar da gudu, har da "A hankali, kada ya karye."

Ciki ya fi waje ban haushi. Zauren da aka yi domin jama'a an yayyanka shi da katako, ya zama ƙananan ofisoshi kamar akurkin kaji. Lif ya mutu tun ba yau ba, har an ajiye tsintsiya da bokiti a ciki. Ta nufi inda kibiya ta nuna, tsoho ya ja ta hagu. Suka ratsa bayan wani kabad, sai ga matakala ɓoye, mai haske da iska, ba kowa a kanta. Yana hawa yana shafa bango da kafaɗa, yana haki, yana murmushi shi kaɗai.

Ita kuwa bakinta bai huta ba. Duk kwanar da suka sha sai mai zanen ginin ya sha tasa. Ta ce ko dai makaho ne, ko kuma da talakawa yake gaba. Ta ce da za ta gan shi, sai ta sa shi ya bi layin nan da tsakar rana ya ji yadda ake ji. Tsoho ya ce, "Amin," a hankali.

A hawa na uku suka tsaya shan iska. Ya zaro fensir ya nuna gaban samfurin ba tare da ya taɓa ba.

"Nan za su sa shinge. Bishiyoyin nan za a sare, manya na son wurin mota. Minista kuwa ba zai yi wata a ƙasa ba, zai ce hayaniya ta dame shi."

Dariya ta kama ta har kwalin na rawa. "Haba Baba! Ai dalilin ginin ke nan gaba ɗaya. Wa zai yarda a yi haka?"

Ya mayar da fensir kunne.

Suka isa sakatare na ɗaga hannu zai rufe ƙofa. Aka karɓi samfurin, aka ɗora shi a tebur, ta sauke numfashin da ta riƙe tun safe. Daɗi ya cika ta, saura kaɗan ta yi guɗa a ofishin gwamnati. Sai a lokacin ta tuna ko tambayar tsohon abin da ya kawo shi ba ta yi ba.

"Tun bara nake layi," in ji shi. "Roƙo ɗaya zan yi wa minista, ya sa a buɗe ƙofar gaba."

Ya gyara hula ya nufi ofishin. Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba wani ɗan sanda ya tare shi cikin ladabi: yanzu hannunsa ba kaya, sai ya koma ƙasa ya bi layi ya karɓo katin shiga. Tsoho ya ɗaga mata hannu, ya gangara abinsa ta matakalar nan da ba wanda ya san da ita.

Ta zauna jiran ƙaninta, idonta ya sauka kan wani tsohon hoto a bango, na ranar buɗe ma'aikatar. Ta miƙe ta matsa kusa. Matakala mai faɗi cike da jama'a, bishiyoyi, babu katanga, babu shinge, tamkar samfurinta aka ɗauka. A tsakiya, minista na miƙa kambun yabo ga mai zanen ginin, wani saurayi mai washe baki, da guntun fensir maƙale a kunne.