Warin Fetur

Tun da tankar mai ta kama da wuta a garinsu ta cinye yayyenta biyu, Saratu ba ta iya jure warin fetur. Ni kuwa direban Adaidaita ne.

Sati uku ban je ba, sai ta aika in zo. Bayan La'asar na same ta a zauren gidan kawunta a Gyaɗi-Gyaɗi. Ba ta ɗago kai ba.

"Abdulmalik, mu bar maganar auren nan. In ka matso kusa, ihunsu nake ji. Ba laifinka ba ne."

"Na mayar wa mai mashin mukullinsa," na ce. "Ɗaukar bulo nake yi yanzu a Daurawa."

Na buɗe mata tafin hannuna, duk ya faffashe. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Ban warke ba fa. Ko ashana ba na iya ƙyastawa. Likita ya ce sai a hankali."

"Shekara takwas ina dafa wa kaina. Ba daɗi, amma ban mutu ba."

Ta goge ido da bakin mayafinta, ta miƙe da ƙyar.

"Zauna. Bari in duba ko Kawu bai fita ba, ku sa rana."