Manomin da Ya Tone Binnensa

Ka ce tun bara kake roƙon Allah abu ɗaya, kuma da ka shafa addu'a sai ka koma kana leƙen hanya, har ka fara zargin ko ba a karɓa ba. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye can arewa, inda ƙasa jigawa ce, damina kuma gajera. Mutanen wurin binne suke yi. Tun ruwa bai sauka ba, da an ga gabas ta fara haɗa hadari, sai a bi busasshiyar ƙasa da sungumi, a zuba iri, a rufe da dunduniya, a koma gida a bar wa Allah sauran. Shekarar da nake ba ka labari ta biyo bayan fari, rumbun mutumin nan ya daɗe da zama ɗakin kaji. Abin da ya rage masa a duniya kwano huɗu ne na irin gero, wanda matarsa ta zuba a tulu ta liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta sa su daka shi. Shi ya kwasa ya binne, bai bar ko ƙwaya ba. In wannan iri ya salwanta, babu wani, kuma babu maƙwabcin da ke da rarar da zai sam masa. Mutum ne mai salla, ba ka rasa shi a sahun gaba, in ana wa'azin dogaro ga Allah ma shi ke fara gyaɗa kai. Amma ai gyaɗa kai ba wuya.

Kwana uku shiru, kwana bakwai shiru. Hadari ya taso da la'asar ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma. Nan fa tsoro ya shige shi. In ya tuna tururuwa gabansa ya faɗi, in ya tuna ɓeraye ya faɗi, in kuma ya tuna yayyafin nan marar albarka da ke tsirar da iri rana ta ƙone shi, sai gumi ya keto masa. Da an sallame asuba ba ya tsayawa gaisawa, sai gona. Ya durƙusa ya tona rami ɗaya da yatsa, ya ga irin na nan, ya mayar da ƙasa, ya yi ajiyar zuciya. Kafin ya miƙe zuciyar ta ce masa wannan ɗaya ka gani, sauran dubun fa? Abinci ya daina wuce masa. A masallaci jikinsa ne kawai ke cikin sahu, sau nawa aka yi sujada aka bar shi a tsaye. Rannan matarsa ta ce masa, "Malam, abin da ka ba Allah ajiya, me kake zuwa dubawa kullum?" Ya ce mata ita ba ta san tururuwa ba.

A rana ta goma sha biyu ya tarar da ramuka biyu babu komai, shi ke nan ya yanke shawara. Zai tone irinsa ya mayar cikin tulu, sai ya ga ruwa da idonsa sannan ya shuka. Ya ɗauki ƙwarya da rariya, ya kwashe yini biyu a durƙushe cikin rana yana tankaɗe yashi. Ka san ƙwayar gero, ka san rairayi. Zubawa ce mai sauƙi, tsincewa ce aiki. Cikin kwano huɗu da ƙyar ya haɗa guda, rabinsa tsakuwa. Ramukan da ya bari a buɗe kuwa, kurciyoyi da zabin daji suka bi bayansa suna tsince abin da rariya ta zubar, sun sami wanda ya yi musu tono kyauta. Kusurwa ɗaya kawai ya ƙyale, wadda ke jikin gidan tururuwa, don ya ce wannan an riga an cinye, ba zai ɓata ƙarfinsa ba.

Kwana biyu tsakani, da hantsi, sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata na guɗa a gidaje, shi yana tsaye a zaure yana kallon ruwan. Ya ruga ya shuka ɗan abin da ya tsira da shi, bai rufe ko rubu'in gonar ba. Kafin sati gonakin maƙwabta sun yi layi-layi kore shar, tasa tana nan fayau. Sai kusurwar nan da ya fid da rai da ita: ta tsiro cif, rami bayan rami, tururuwa na ta kai da kawowa a tsakani, abin da suka ɗiba bai hana komai ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kukan baƙin ciki da kunya, don ya ga duk inda hannunsa ya koma ya mutu, inda ya cire hannu ne ya rayu.

Ban ce maka babu tururuwa ba, ɗan'uwa, suna nan, kuma tsoro halin ɗan Adam ne. Amma in ka yi naka ka rufe, ka tashi daga bakin ramin. Hausawa sun riga sun faɗa: zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.