Miyar Ful ta Kaka Freha

Ranar Talata, ashirin da bakwai ga Maris, 1956, ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, Yamin Botbol ya tura kwanonsa gaban tukunya.

Ranar farko ce ta Idin Ƙetarewa a unguwar Yahudawan Meknes, kuma idi na farko da babu Kaka Freha. Miyarta dai aka dafa: ɗanyen waken ful da ƙashin shanu da kurkum.

Shekara ashirin da huɗu Yamin yana jin ƙamshinta kawai. Kaka kan zuba wa jikoki shida, in ta zo kansa ta ɗage ludayi, ta ba shi dafaffen ƙwai ya je ya ci a tsakar gida tare da Hanina mai wanki, wadda ko ɓarar waken ba ta yi. Kaka ba ta taɓa faɗin dalili ba. Shi kuwa ya riƙe a ransa cewa ba ta sonsa.

"A'a, ɗan ƙwai ya girma!" in ji wansa Makluf, yana dariya.

"Mama, zuba mini," Yamin ya ce wa Mesoda.

"Kakarka ta hana," in ji Mesoda.

"Kaka tana kabari. Ko ni ba ɗan gidan nan ba ne?"

Mesoda ta dubi mijinta Amram. Shi ya dubi faranti. Ta zuba.

Kwano biyu ya sha. Ya ce ashe gishirinta ma bai ji ba.

Laraba idanunsa suka yi rawaya. Alhamis fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Likita ya ce akwai jinin da ful ke tsinkawa, kuma ɗa namiji daga uwarsa yake gadonsa. Mesoda ta ce a danginsu ba a taɓa yi ba. Gaskiya ta faɗa.

Ranar Lahadi aka binne shi, kabari uku tsakaninsa da Kaka.

Bayan idi aka zauna makoki a ƙasa, kowa da wuyan rigarsa a yage, abin da sai na jini ke yi. Waɗanda suka rage su ne: Amram, Mesoda, Makluf, wanda bai ƙara dariya a teburin nan ba, 'yan'uwa mata biyar, sai Hanina, da ta binne ƙannenta maza biyu a lokacin girbin ful, zaune can bakin rijiya, tana rufe yagar rigarta da hannu, wajen da uwa ke yagawa.