Falken da Bai Kwance Kaya Ba

Tun kafin shayi ya tafasa Raliya da babanta suka sarƙe. Tana tsaye da jakar makaranta a kafaɗa, ƙafa ɗaya cikin takalmi, tana nanata masa cewa yau ce rana ta ƙarshe ta shiga asusun ritaya na kamfanin da yake tuƙa wa babbar mota, in ta wuce sai baɗi. Kuma ba a bakin kowa ta ji ba, da idonta ta gani a takardar kamfanin, don tun da karatu ya zauna mata a Winnipeg, garin Turawa mai tsananin sanyi da suke zaune, ba abin da ke tsere mata, har bayan kwalin madara sai ta karanta. Duk abin da ya ajiye daga albashinsa kamfani zai ɗora masa kwatankwacinsa. Akwai ma ɓangaren da babu kuɗin ruwa, balle ya ce sai ya tambayi malamai.

Shi kuwa Malam Tasi'u amsarsa ba ta taɓa canjawa tun ranar da suka sauka: su baƙi ne, gida Funtuwa, an kusa komawa.

"Wa zai tsufa a cikin firij?" in ji shi, yana dariya.

Akwatinsa na nan a ɗaure a saman kabad. Ko takalmin sanyi na kirki ya ƙi saya, safa kan safa yake jibgawa, wai asara ce tunda tafiya za a yi.

Iya Tabawa, mahaifiyarsa, tana gefen hita mai ɗumama ɗaki ta miƙe ƙafa. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa faɗa ido da ido. Sai ta juya wajen taga, ta ce wa Raliya, "Ke uwar gaggawa, tsaya in ba ki wani misali." Kowa a ɗakin ya san ba da Raliya take ba.

Ta ce wai wasu fatake biyu ne suka yada zango a wani gari mai nisa, suna jiran ayarin da zai mayar da su gida ta cikin dajin da babu rijiya. Mutanen garin suna da wata al'ada: in baƙo ya shuka ƙwayar duma ɗaya, mai masaukinsa sai ya shuka masa wata a gefenta, kyauta. Falke na farko ya tona ƙasa ya zuba tasa, ya ce ko gobe za a tafi, ai ƙasa ba ta cin amana. Na biyu ya yi masa dariya har da riƙe ciki. Shi ko kaya bai kwance ba, a kan mangala yake kwana, kullum kunnensa na bakin hanya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Duman abokinsa ya yi yaɗo ya haye danga, ya ƙosa, ya bushe. Ya fafe, ya jiƙa har ɗacin ya fita, ya rataye goruna reras a rumfa. Wancan kuwa in an ce ya shuka, sai ya ce shi matafiyi ne.

Rannan da hantsi sai ga ƙura, ayari ya iso, madugu ya ce ba ya ɗaukar wanda ba shi da ruwan kansa. Na farko ya ɗora goruna a jaki suna ƙwal-ƙwal. Na biyu ya ruga gonar mutane ya tsinko ɗanyen duma, ya fafe shi da wuƙa, ya ɗura ruwa. Ko ganuwa ba su wuce ba gorar ta lotsa kamar kuncin tsohuwa, ruwan ciki ya koma maɗaci. Madugu ya kurɓa, ya tofar, ya nuna masa hanyar gari. Wanda ya fi kowa ɗokin gida, shi aka bari a bakin ƙofa yana kallon ƙurar ayari, kayansa a ɗaure tsaf.

Butar shayi ta fara ƙara. Malam Tasi'u ya sunkuya ya dubi safarsa, babban yatsa ya leƙo ta huda. Ya ɗaga kai ya dubi akwatin. Raliya ta ga kunnensa ya motsa, alamar dariya na cin sa yana dannewa. Can ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mata ba tare da ya kalle ta ba.

"To, Malama. Ina ake dannawa?"

Ta fizge wayar, yatsunta na gudu, ta nuna masa. Ya yi bismilla ya danna da kansa, ya ce amma kada wanda ya ce ya fasa komawa Funtuwa. Ta ce ai yanzu ma ya fara shiri. Ta taga ta hango motar makaranta ta shawo kwana, ta cusa ɗaya ƙafar a takalmi tana tsalle.

Ita kuwa Iya ba ta gama ba. Ta kwance bakin zane, ta ciro goro, ta ɓantara a hankali, ta ce shi ya sa Hausawa suka ce... sai ta sa goron a baki ta hau tauna, tana kallon jikarta ta wutsiyar ido, don ta san abin da ke kashe ta ke nan. Raliya ta riƙe marfin ƙofa, ta jira, ta buga ƙafa, ta kasa daurewa, ta ƙarasa mata.

"Ba a fafe gora ranar tafiya!"

Ta banko ƙofar har ƙanƙarar da ke saman rufi ta zubo, ta arce tana dariya.